Hannun Alhaji Lauwali da Shagon Rilwanu

Akwai wani mutum a Kazaure mai suna Rilwanu. Sana'arsa sayar da kayan wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu.

Ga wanda bai san wasan ba, 'yar ƙwallo ce fara, ba ta kai ƙwan kaza ba. Ana bugunta da sanda mai kan ƙarfe, a bi ta da ƙafa, a sake bugawa, har ta faɗa rami. Manyan mutane da hankalinsu su wuni a rana suna bin ta. Ban ga laifinsu ba. Ƙafarsu ce, kuɗinsu ne.

Rilwanu ya daɗe a Kano yana ɗaukar wa 'yan wasa jaka. A can ya koyi wasan, ya koyi gyaran sanda. Da mahaifiyarsa ta tsufa sai ya tattaro ya dawo gida, ya kama ɗan shago a bakin titi. Mutane suka yi ta dariya. Golf a Kazaure? Wa zai saya?

To, akwai masu saye, ko da yake ba su da yawa. Tsofaffin ma'aikata ne da suka yi ritaya, likita ya ce su riƙa tafiya a ƙasa saboda ciwon suga da hawan jini. Duk Asabar sai su cika mota su tafi fili a Kano. A wajen Rilwanu suke sayen sanduna 'yan gwanjo da ƙwallaye da safar hannu. Idan robar mariƙin sanda ta suɗe, shi ke cire ta ya sa sabuwa. A bayan shagon kuma ya kafa raga tsakanin katanga da wata darbejiya, ya shimfiɗa tabarmar roba, inda mutum zai gwada bugu a gyara masa.

Duk cikinsu babu kamar Alhaji Lauwali. Shi ya fara zuwa shagon, shi ya jawo sauran, motarsa ce ke kai su Kano. Rilwanu ya san cewa ran da Alhaji ya ɗauke ƙafa, ran nan shagon ya fara mutuwa.

Sai dai Alhaji bai iya wasan ba. Ya yi shekaru yana fama. Idan ya buga, ƙwallo ta tashi kamar za ta miƙe, sai ta karkace ta faɗa ciyawa. Abokansa ba sa raga masa.

"Alhaji, rami fa ga shi nan gabanka. Me ka aika ta yi a Ɓaɓura?"

Ya yi dariya tare da su, amma abin yana cinsa. Washegari zai zo shago.

Rilwanu ya yi iya ƙoƙarinsa. "Ranka ya daɗe, kada ka ɗaga kai, kalli ƙwallon har ta tashi. Sassauta riƙon nan, ba maciji ka kama ba. Bari ƙugu ya fara juyawa, hannu ya biyo baya."

Alhaji ya yi duk abin da aka ce, ƙwallo ta sake karkacewa. Sai ya juya sandar yana dubawa, ya ce, "Wannan ba ta da kyau. Samo mini wata."

Rilwanu ya samo. Ba yaudara yake yi ba a lokacin, shi ma bai san inda matsalar take ba.

Wata shekara, lokacin cire gyaɗa, Alhaji ya sa aka yo masa odar cikakken saiti, jaka guda, mafi tsadar abin da ya taɓa shiga shagon. Da kaya suka iso Rilwanu ya kira shi a waya.

"Ina gona a Roni," in ji Alhaji. "Kawo mini nan in gani, ba zan iya jira ba."

Rilwanu ya ɗaure jakar a bayan mashin ya tafi.

Da ya isa sai ya tarar wani reshen gawo ya faɗo ya tare hanyar da amalanke ke bi. Masu aiki suna can nesa. Alhaji ya tuɓe babbar riga ya rataye, ya ɗauki gatari da kansa. Bai ga isowar Rilwanu ba.

Rilwanu ya tsaya yana kallo. Dattijon da ke ƙagewa kamar icce in ya riƙe sandar golf, ga shi nan jikinsa ya sake. Ƙugu ya juya, kafaɗa ta bi, gatari ya sauka daidai inda ya sauka ɗazu. Babu sara ɗaya da ya kauce. Kuma daga ɓangaren hagu yake ɗago shi, hannun hagu ne ke jan aikin.

Alhaji bahago ne.

Duk sandunan da Rilwanu ya taɓa sayar masa na masu dama ne. Wanda ke ɗaure a bayan mashin ma haka. Sandar golf ba kamar taɓarya ba ce da za a kama ta kowane gefe. Kanta a karkace yake, ta dama daban, ta hagu daban.

Alhaji ya waigo, ya yar da gatarin da sauri. "Au, ka iso? Mu gani, mu gani."

Ya zaro sandunan ɗaya bayan ɗaya yana shafawa, yana murna kamar yaro ran sallah. "Wannan karon kam zan ba su mamaki."

Rilwanu ya buɗe baki, ya rufe. Ya karɓi kuɗi, ya yi godiya, ya hau mashin ya koma Kazaure.

A gida matarsa Saude ta ajiye masa tuwo, ta ga yana ta juya loma ɗaya a cikin miya.

"Baban Bahijja, ciniki ya faɗa ko bai faɗa ba?"

"Ya faɗa."

"To wa ya mutu?"

Ya kwashe labari ya gaya mata. Ta ajiye ludayin da ke hannunta.

"Yanzu kai so kake ka je ka kalli dattijo sa'an babanka, ka ce masa bahago? Mutumin da ke ba da hannu da dama, yake ci da dama, yake rubutu da dama? Shi bai san hannunsa ba ne sai kai?"

"Ya sani mana. Ɓoyewa yake yi."

"To bar shi ya ɓoye. Kai ka aike shi?"

"Ni na sayar masa, Saude. Zai je Kano ranar Asabar, ta sake karkacewa, ya dawo ya ce in samo wata. In samo?"

Ta ce, "Ka san dai abin da muke ci a gidan nan daga motar mutumin nan yake fitowa."

"Na sani."

"To in ka ga dole sai ka faɗa, kada ka faɗa a gaban abokan nan nasa masu baki kamar reza. Ka ja shi gefe. Kuma ka ci tuwon nan, ba don ado na tuƙa ba."

Yadda Rilwanu ya faɗa, haka aka yi. Alhaji ya je Kano da sabon saiti, ƙwallo ta yi abin da ta saba. Ya dawo shago fuska a ɗaure, shi kaɗai.

Rilwanu ya ja shi bayan shago, ya durƙusa ya gaishe shi kamar yadda ya saba, sannan ya ce, "Baba, zan faɗi magana. In na yi rashin ladabi a yi haƙuri. Sandunan nan lafiyarsu ƙalau. Na da ma lafiyarsu ƙalau. Ba na hannunka ba ne."

"Ban gane ba."

"Na masu dama ne. Kai kuwa ƙarfinka da saitinka duk a hagu suke."

Fuskar Alhaji ta canza. Ya dubi ƙofa, ko akwai mai ji.

"Wa ya gaya maka?"

"Babu kowa. Na ga yadda ka riƙe gatari."

"Kai yaro, ka san da wa kake magana? Na gama aikin gwamnati tun daga ƙasa har sama, ban taɓa sa hannu a takarda da hagu ba. Tun ban fi haka ba mahaifina, Allah ya jiƙansa, yake ɗaure mini hannun nan da ƙyalle in za a ci abinci. A makarantar allo na sha bulala a kansa har ya kumbura. Na rabu da wannan abu tuntuni. Yau kai za ka tono mini shi?"

"Allah ya huci zuciyarka, Baba."

Alhaji ya juya zai tafi, sai ya tsaya. "Ka ce ranar gatari ka gani?"

"Eh."

"Ranar da ka kawo mini jaka."

"Eh, ranka ya daɗe."

"Ka gani, ka sani, ka kuma miƙo hannu ka karɓi kuɗina."

Rilwanu ya sunkuyar da kai. "Na karɓa. Tsoro na ji. A dawo da su, zan mayar da kuɗin."

Alhaji ya shiga mota ya tafi.

Asabar ta zo, motar ta wuce ta gaban shago ba ta tsaya ba. Wadda ta biyo baya ma haka. Abokan Alhaji ba su san abin da ya faru ba, amma sun ga inda mai mota ya daina tsayawa, su ma suka daina. Ƙwallo ma a Kano suke saye.

Rilwanu ya ci gaba da buɗe shago da safe, ya share, ya goge sanduna, ya zauna. Wata rana ya sayar da hula ɗaya, wata rana ko ita babu. Har ya fara tambayar tsofaffin abokan aikinsa ko akwai gurbin ɗaukar jaka a Kano. Saude ba ta taɓa ce masa ai na gaya maka ba. Ta dai ƙara yawan ƙuli-ƙulin da take yi na sayarwa, ta rage man da take sa wa miya.

Sanyi ya wuce, zafi ya fara shigowa. Wata ranar Talata da hantsi, ranar da babu mai zuwa wasa, motar Alhaji ta tsaya a ƙofar shago. Ya fito shi kaɗai, ya buɗe but, ya ɗauko wani abu dogo naɗe a cikin buhu.

"Salamu alaikum. Mu je baya. Ka turo ƙofar nan."

A bayan shago ya warware buhun. Tsohuwar sanda ce guda ɗaya, duk ta ƙoƙe, ta masu hagu.

"Ta wani likita ce a filin Kano, bahago, ba ya ko jin kunya. Na ce masa jikana zan ara wa." Ya miƙa wa Rilwanu ita, ya sake karɓewa. "Tana ɗakina tun tuni, na kasa taɓa ta. Ina zan tsaya?"

Rilwanu ya zagaya da shi ɗaya ɓangaren tabarmar, ya gyara masa ƙafa, ya ajiye ƙwallo. Bai ba shi shawara ko ɗaya ba. Ya ce kawai, "Baba, reshen gawon nan ne."

Bugun farko ya tono tabarma. Na biyu ya shafi kan ƙwallon ta gangara. A na uku sai aka ji wata ƙara mai daɗi, ƙwas, ƙwallo ta tafi sak ta daki tsakiyar raga.

Alhaji ya tsaya yana kallon ragar. Sannan ya dubi hannunsa na hagu, ya juya tafin, ya daɗe yana kallo.

"Sa mini wata," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

Rilwanu ya sa. Ya sake sawa. Ba duka ne suka miƙe ba, amma babu wadda ta yi irin karkacewar da. Sai da kwandon ya ƙare, zufa ta jiƙa wa Alhaji riga, sannan ya zauna a kan benci.

"Mahaifina ba mugu ba ne," ya ce. "Ci da dama ya koya mini, kuma da dama zan ci har in koma ga Allah. Amma bai taɓa ce mini kada in riƙe gatari da hagu ba. Ni na ƙara wa kaina sauran."

Sannan ya juyo ya dubi Rilwanu.

"Duk sandunan nan suna cikin mota. Ka sauke su ka sayar wa masu dama. Ka nemo mini na hagu, ko 'yan gwanjo ne." Ya miƙe yana gyara hula. "Na da, ban riƙe ka ba, ba ka sani ba. Amma na ranar gona, wannan ka sani. Ribarsa ba ta halatta gare ka ba, za ka cire ta daga na hagun."

"Na cire, Baba."

"Kuma ranar Asabar ka shirya, da kai za mu. In mutanen nan suka fara surutu, kai za ka tsaya kusa da ni."

Sun kuwa yi surutun. Tun daga Kazaure har Kano ake kiran sa Alhaji Bahago. Ya bar su suka gama. Da aka isa fili ya tsaya ta ɓangaren da bai taɓa tsayawa ba, ya buga, ƙwallo ta tafi inda aka aike ta.

Shagon Rilwanu yana nan har yau. Bai yi kuɗi ba, amma bai koma ɗaukar jaka ba. Kuma duk wanda ya shigo sayen sanda, babba ko yaro, kafin a yi maganar farashi sai ya kai shi baya, ya miƙa masa ƙwallo ya ce ya jefa cikin raga, ya ga hannun da zai ɗaga.

Darasi: In ka ga gaskiyar da za ta amfani wanda kake ci ta hannunsa, faɗa masa tun ranar da ka gan ta, a keɓe, cikin ladabi, kafin ka karɓi kuɗinsa. Jinkirin da Rilwanu ya yi shi ya fi ɓata wa Alhaji rai, ba maganar ba. Ku kuma iyaye, ku koya wa yaro ci da dama, amma ku bar masa hannun da Allah ya sa wa ƙarfi ya yi aiki da shi. Ku tura wa 'yan kasuwar da kuka sani, da duk gidan da ke da bahago.