Ruwan Alwalar Sarki Tanimu

An yi wani sarki ana ce masa Tanimu, wanda ƙasarsa ta bunƙasa da rini da jima da ƙira. Da tsufa ya kama shi, babu abin da yake bege kamar Rafin Ɗinya, inda mahaifiyarsa ta koya masa alwala yana ƙarami. Ya ce yana so ya sake yin alwala da ruwan kafin ajali, aka ɗebo masa a buta.

Zai zuba ke nan, Alƙali Mamuda ya riƙe masa hannu. "Ranka ya daɗe, launinsa ya jirkita, ga wari. Shari'a ba ta yarda a yi tsarki da shi ba."

Sarki ya ce, "Kowace shekara sarakunan sana'a suna gaya mini mun ƙaru. To Malam, yaya ƙasa za ta ƙaru, ruwan buta ɗaya ya gagari sarkinta?"

"Allah ya ba ka nasara, rabin labari suke kawo maka. Ka yi mini izini in kawo sauran."

Ranar gaisuwar shekara, Alƙali ya sa kowa ya zo da kaya biyu, abin da ya yi da abin da ya bari a bayansa. Sarkin Marina ya shimfiɗa rawani mai sheƙi, gefensa tulun baƙin ruwan da yake kwararawa cikin rafi. Sarkin Majema ya ajiye jar fata, da ƙwaryar ruwan jima da ta sa fadawa toshe hanci. Sarkin Maƙera ya kawo garma, da kututturen itacen ƙirya na bakin rafi da aka sare don gawayi.

Sarkin Marina ya ce, "Haba Malam, rafi ne fa, tafiya yake!"

"Tafiya yake, Sarkin Marina, amma zuwa bakin wa?"

Sarki ya shafa kututturen nan, ya ce, "A gindin irin wannan mahaifiyata take ajiye mini takalmi." Ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Alƙali, ya hukunta kada a ƙara yi masa bayanin sana'a sai da kaya biyu, wanda kuwa ɓarnarsa ta rinjayi amfaninsa ya gyara ko ya bari.

Rafin ya washe, amma a zamanin ɗan Sarki. Shi Sarki Tanimu kuwa, da ruwan rijiya aka yi masa wankan ƙarshe.

To ku ji, ku masu mulki: adalci shi ne a auna abin da aka samu tare da abin da aka ɓata, tun mai jiran ruwan yana da rai.