Tsibirin da gidajensa ba su da bango

Dalilin da ya sa gidajen mutanen Motulani ba su da bango kuke so ku ji? To ku matso. Kai Barau, rufe bakinka tukuna, ai ni ma haka na sake nawa ranar da na gani.

Ina kuku a jirgin dakon kaya a lokacin, injinmu ya lalace a tsakiyar tekun Fasifik, muka raɓa wani ɗan tsibiri wanda ko Gumel ta fi shi girma. Da muka shiga ƙauyen, wallahi sai da na ja da baya. Gida dirkoki ne da jinka kawai! Ga mai barci, ga mai cin abinci, ga tsohuwa tana susar baya, duk kana kallo daga hanya. Na ce, "Innalillahi, waɗannan ba su da sirri ne?" Wani tsoho mai jin Turanci ya zaunar da ni a tabarma, ya fasa mini kwakwa, ya ba ni labarin nan.

Ya ce a da can suna da bango, na saƙar ganyen kwakwa, mai kauri kamar zana biyu a haɗe, da asabari a ƙofa. Kuma suna da doka guda mai tsanani. In mutum ya saki asabarinsa da rana, to yana ganawa da kakanninsa ne. Ba a ɗagawa, ba a kiran sunansa. Wanda ya karya dokar, a sa shi a kwalekwale ba filafili, a tura shi teku.

Akwai wata mata a ƙauyen, Fetu, wadda aka auro daga wani tsibiri mai nisa. Shekara goma sha biyu ba ta ga ɗan'uwanta ko ɗaya ba. Rannan sai ga ƙaninta Matangi ya iso, bayan kwana tara yana tuƙi shi kaɗai don ya gan ta. Wajen fitowa gaɓa wani dutsen ruwa mai kaifi ya yanke shi a ƙafa, ya ce ba komai. Aka yi murna, aka gasa kifi, sarkin ƙauyen, Tuiala, ya ba shi ɗakin baƙi.

Washegari ƙafa ta kumbura, zazzaɓi ya rufe shi. Iskar teku na shigowa ta ƙofa tana kaɗa masa haƙora, sai bawan Allah ya rarrafa ya saki asabari. A garinsu asabari asabari ne kawai, kuma cikin murnar nan babu wanda ya tuna ya gaya masa dokar.

Fetu ta zo da abinci, ta ga ƙofa a rufe, ta ajiye a gindin bango tare da ruwa a ɓawon kwakwa. Da yamma ta tarar ba a taɓa ba.

"Bai ci ba," ta ce wa mijinta.

"Mai ganawa da kakanni ba ya ci. Ƙaninki babban mutum ne, ki yi alfahari."

Kwana na biyu aka fara jin nishi daga ciki. Ke Lantana, kin san abin da suka ce? Wai kakanni ne ke amsa masa! Har taruwa suka yi a waje suna jinjina masa. Ni fa duk lokacin da na zo nan wurin sai raina ya ɓaci.

Kwana na uku Fetu ta durƙusa gaban sarki. "Ranka ya daɗe, ni na goya yaron nan. Na san nishinsa. Wannan na ciwo ne."

Tuiala ya ce, "'Yata, in kika taɓa asabarin nan, da hannuna zan tura kwalekwalenki. Ki dubi 'ya'yanki uku."

Ta dube su, ta koma gida tana kuka.

Da hantsin kwana na huɗu nishin ya tsaya cak. Fetu ta ɗauki gatarin mijinta, ta wuce ƙofar ko kallonta ba ta yi ba, ta zagaya gefe ta hau saran bango. Mutane suka ɗora hannu a ka suna salati irin nasu. Bangon ya faɗi.

Ga Matangi kwance a ƙasa, leɓɓansa sun tsattsage, ƙafar ta yi baƙi har gwiwa. Ya miƙa hannu ta ƙarƙashin bango, tsakanin yatsunsa da ruwan nan bai fi taƙi ɗaya ba. Ya buɗe ido da ƙyar, ya ce, "Yaya, kullum ina jin muryarki a waje. Me na yi miki?"

Kafin rana ta take, ya cika a cinyarta.

Sarki ya zo da dattawa don yanke hukunci. Ya tsaya ya dubi hannun, ya dubi ruwan. Fetu ta miƙa masa gatarin ta ce, "Ga ni. Ina kwalekwalen?" Ya karɓa, ya nufi gidansa. Jim kaɗan aka ji yana saran nasa bangon. Kafin yamma babu bango ko ɗaya a tsaye a ƙauyen.

Shi ya sa har yau a Motulani gida dirkoki ne da jinka. Ko ruwan sama ya tilasta musu sakin tabarmi, sai sun bar gefe ɗaya a buɗe. Ni kaina ranar da na kwanta da ciwon kai a can, mutum bakwai suka leƙo ni kafin azahar, na takwas ɗin wata tsohuwa ce, ita ba ta yarda ba sai da ta ga na shanye ruwan da ta kawo mini a gabanta.