Rantsuwar Awal a Kalpohin

Akwai wani matashi a Jisonayili, cikin Tamale, mai suna Awal. Shi ne shugaban wasu samari masu babura da ake kira duk lokacin da ake son tarwatsa taro. Kowa na gaishe shi, amma don tsoro.

Wata rana faɗa ya ɓarke, aka kashe amininsa. Awal da hannunsa ya sa shi a kabari.

Bayan makoki, dattawa suka kira taron sulhu a wani fili a unguwar Kalpohin. Mai jawabi ya yi ta maimaita wata kalmar Turanci, "abjure". Awal bai gane ba, sai ya matsa kusa da Madam Ekua, tsohuwar malamarsa ta Turanci.

"Madam, mene ne ma'anar kalmar nan?"

Ta dube shi ta ce, "Ɗana, ba 'na rage' take nufi ba, ba kuma 'na ɗan huta' ba. Ita ce mutum ya tsaya gaban jama'a ya rantse ya rabu da abu har abada. Ba a faɗinta don an bar cin goro. Sai a kan abu mai nauyi. In ba ka shirya ba, kada ka faɗa."

Sai Awal ya miƙe. Ya je ya tsaya gaban liman da fasto.

"Wallahi na bar tashin hankali. Ba zan sake ɗaga hannu a kan kowa ba."

Wasu suka yi kabbara. Yaransa kuwa dariya suka yi a ɓoye.

Awal ya koma gyaran babura. Ba a jima ba aka kira shi cewa ƙaninsa Sidiki na asibiti, an fasa masa kai a hanyar Kukuo. Kafin ya rufe shago, tsofaffin yaransa sun iso da adduna.

"Maigida, mun san wanda ya yi. Kobina ne, mai sayar da katako. An ga jini a rigarsa. Ka ce mu tafi kawai!"

Awal ya kalli addar da aka miƙo masa. Hannunsa har ya fara motsi. Sai ya mayar da shi aljihu.

"Na rantse gaban Allah da mutane. Babu inda za ku je."

"Jinin ƙaninka fa?"

"Ni ma ina jin zafinsa. Amma wanda ya taɓa Kobina, ni zan kai shi wurin 'yan sanda."

Suka tafi suna kiransa matsoraci.

Washegari Sidiki ya farfaɗo. Abin da ya fara tambaya shi ne, "Yaya, ina mutumin da ya ɗauko ni? Ɓarayin babur ne suka buge ni. Kowa ya wuce, shi kaɗai ya rungume ni ya kawo ni."

Nas ta nuna bencin waje. Kobina ne zaune, ya dawo da koko a leda.

Awal ya durƙusa gabansa, ya riƙe hannunsa, hawaye na zuba. Kobina ya rasa dalili.

"Ɗan'uwa, tashi mana. Ai yaron ya samu sauƙi."

Darasi: Barin mugun hali ba a baki yake ƙarewa ba, sai ranar da zuciya ta tafasa ake gane wanda ya bari da gaske. Ka riƙe rantsuwarka, kada ka hukunta kowa da jita-jita. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani na riƙe da adda a yau.