Mutumin da Ya Shanye Igiyarsa

Akwai wani maigida da Allah ya ba rijiya mai ruwa garai-garai a tsakar gidansa. Mutumin nan akwai tsantseni, akwai kuma maƙo. Da igiyar gugansa ta tsufa, bai sayi sabuwa ba. Sai ya warware tsofaffin buhunan taki, irin na roba, ya tufka wata da kansa, yana ta yabon dabararsa.

Ana nan, sai ya fara ganin wasu 'yan fararen abubuwa kamar dusa suna yawo a moɗa. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce, "Aikin maƙwabta ne!" Ya hana matan unguwa ɗiban ruwa. Har maƙwabcinsa Dogara, wanda tare suka haƙa rijiyar, ya kora. Ya sa murfi, ya danna kwaɗo.

Matarsa ta ce, "Maigida, duba igiyar nan mana, kullum ƙara sirancewa take yi."

Ya ce, "Igiyar da na tufka da hannuna? Ke dai kawo tuwo."

Igiya ta ci gaba da gogar bakin rijiya safe da yamma, dusa kuwa sai ƙaruwa. Ya tace da ƙyalle, manyan suka tsaya, ƙananan suka wuce, ya sha abinsa yana tsine wa mutane.

Wata rana ya ce zai shiga ya ga abin da maƙiya suka jefa masa. Ya ɗaure igiyar a gungume, ya fara sauka. Bai kai rabi ba ta tsinke, sai ji kake tsundum! Ruwa ya kai masa wuya. Da ya buɗe baki zai yi ihu, ba sunan da ya fito sai na Dogara.

Dogara ya zo da igiyar rama, ya jawo shi. Maigida yana rawar ɗari ya ɗaga guntun igiyarsa, ta koma kamar zare, ya ce, "Wa ya cinye mini igiya?"

Dogara ya ce, "Ba cinye ta aka yi ba, ɗan'uwa. Shanye ta kuka yi, kai da iyalinka."

Ma'anar wannan misali ita ce: rijiyar nan zuciyarka ce. Igiyar kuwa ita ce ɗan halin nan da ka tufka da kanka, kake kuma kāre shi, 'yar ƙarya ce ko gulma ko rowa. Kaɗan-kaɗan yake zuba, har ka saba da ɗanɗanonsa. 'Yan'uwa, in ruwan gidanku ya gurɓace, kafin ku danna wa maƙwabci kwaɗo, ku dubi abin da ke hannunku, ku kai shi gaban Ubangiji da tuba. Ku yi sauri, gama a moɗar nan 'ya'yanku suke sha.