Ƙaramin Tulun Marka

Ga ta nan, ga ta nanku, ku da ba kwa barin tsohuwa ta miƙe ƙafa.

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

To ku matso, ba zan ɗaga murya ba, yau bayana kamar ba nawa ba. Ke Saude, zauna nan tsakanin ƙafafuna ki kawo kan nan. Dubi gashi ya bushe kamar soson wanka, kwana nawa rabonsa da ruwa? Miƙo mini ƙwaryar can. Ina yi ina ba ku labarin, kina motsa kai na fasa.

Wata mata ce ana ce da ita Marka, a wani ƙauye da rijiyarsa take ƙafewa duk rani. Tana da ƙanwa mai suna Dela, wadda duk ƙauyen babu mai gashi irin nata. Baƙi wuluk, cike da kai, kowane sili a murɗe ƙanana-ƙanana. In ka ja shi sai ya sauka har kafaɗa, in ka saki ya koma ya naɗe. Dela ta haifi 'ya guda, Kulu, ita kuma ta ɗauko kan uwarta sak.

Kulu tana da shekara bakwai ciwo ya kwantar da Dela. Da ta ga ba tashi za ta yi ba, sai ta kwance ɗankwalinta ta miƙa wa Marka, ta ce, "Yaya, ga Kulu nan. Ban bar mata komai ba sai kaina da ta ɗauko, da wannan ɗankwali. Don Allah kada ki bari ya bushe."

Marka ta ce, "Ba zai bushe ba, Dela."

Irin wannan gashi kuwa ƙishirwa gare shi kamar jariri. Kowace Alhamis Marka takan jiƙa karkashi har ya yi yauƙi, ta wanke kan Kulu da shi. Tun gashin yana da laima take raba shi kashi-kashi da yatsunta, tana warwarewa daga baki zuwa tushe. Sannan ta lakato man shanu ta murza a tafin hannu ta bi kowane kashi, don man ya rufe ruwan a ciki. Ta murɗa shi bibbiyu, ta ɗaura ɗankwalin Dela a kai. Sauran kwanakin kuma kowace safiya sai ta yayyafa masa ruwa da hannu kafin ta ɗora mai kaɗan. Tana da wani ƙaramin tulu da ta ware, ruwansa na kan Kulu ne kawai. In ta kwance murɗin nan ta ga gashin ya tashi ƙawanya-ƙawanya yana sheƙi, sai ta ji kamar Dela ce zaune a gabanta.

Shekara huɗu tana haka. A ta biyar rijiya ta ƙafe da wuri, sai an je rafi, rafin kuma sai ka hau tudu uku. Marka ga daka, ga itace, ga gwiwa ta fara ciwo, ga ido ya fara hazo. Ta je ta ɗebo ruwan sha, ta koma ta ɗebo na girki, sannan ta sake komawa da ƙaramin tulu. Ba ta taɓa cewa Kulu ta raka ta ba, wai marainiya ce, kada a ce ta wahalar da 'yar ƙanwarta. Ku da kuke ganin ruwa a randa ba ku san yadda wuya yake yi a sawu na uku ba. Ni na sani.

Wata Alhamis ta dawo ta sauke ƙaramin tulun, ta zauna a dokin ƙofa tana haki, sai ga Gizo. Shi kuwa tun daga bayan danga ya hango karkashin da ta shanya, gidansa kwana uku ana cin tuwo gaya. Ya yi sallama da tsamin bakin nan nasa.

"Sannu da aiki, Mayka. Wannan tulun na mene ne?"

"Na kan Kulu ne."

"Kai yake shan ruwa? Ni a duk yawona ban taɓa ganin gashi da baki ba. Me yake sa gashi sheƙi, ruwa ko mai?"

Marka ta ce, "Mai."

"To kin gani. Ruwa bushewa yake yi, mai shi yake zama. Ki lafta mata mai, ki huta da sawu na uku. Karkashin nan ma kawo in rage miki, tarkace ne."

Marka ta san ba haka uwarsu ta koya musu ba. Amma ta dubi ƙafafunta da suka kumbura, ta tuna tudu uku. Ta tattara karkashin ta ba shi, ta juye ruwan a randa, ta kife ƙaramin tulun a bayan ɗaki. Ranar ta lafta wa Kulu mai a busasshen kai, kan ya yi ta ƙyalli a rana, ita kuma ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba.

Bayan kwana bakwai wata kurciya ta sauko tsakar gida tana tsince-tsince, tana waƙa:

"Na gode, Marka, na gode,
Gidanki akwai shimfiɗa,
Sili ɗaya, sili biyu,
Ƙwaina zai kwanta da ɗumi."

Marka ta ji ta sarai. Ta ce a ranta, ai kowane kai yana zubar da sili ɗaya biyu. Ta ci gaba da tankaɗenta.

Mai dai ba ya jiƙa gashi, rufewa kawai yake yi. In ya sami ruwa ya rufe ruwa, in ya sami bushewa ya rufe bushewa. Gashin Kulu ya yi tauri, ya cukurkuɗe, yatsa ba ya shiga. Marka tana zaune tana fama da shi, kafaɗunta suna zafi, sai ga Gizo ya dawo riƙe da wani mataji mai ƙananan haƙora.

"Mayka, har yanzu da yatsa kike yi? Wuni guda a kan kai ɗaya? Ga wannan, ja uku kin gama."

"A bushe?"

"A bushe ya fi sauri. Ki ba ni rabin man shanun nan a madadinsa, ai ya yi miki yawa."

Dama mai yake nema wa miyarsa. Marka ta raba man ta ba shi, ta kafa mataji a kan Kulu ta ja. Ana jin gashin yana ƙaras-ƙaras.

Kulu ta ce, "Inna, da zafi."

Marka ta ce, "Yi haƙuri, yanzu za mu gama. Na gaji, Kulu."

Kulu ta cije leɓe har aka gama. Ke Saude, kin ji yadda 'ya'yan kirki suke zama, ke ko ja ban yi ba kina noƙewa.

Washegari kurciya ta dawo:

"Na gode, Marka, na gode,
Gidanki akwai shimfiɗa,
Yau tafi guda na kwasa,
'Ya'yana za su ji daɗi."

Wannan karon ma Marka ta ji ta. Maimakon ta kira Kulu ta duba kan, sai ta ɗauki ɗan dutse ta jefi kurciyar. Tsoro take ji ta duba, don in ta duba sai ta koma rafi.

Zuwa na uku Gizo ya tarar da Kulu tana shara da ɗankwalin uwarta a kai. Matarsa Ƙoƙi ta daɗe tana yi masa mitar ba ta da na fita unguwa.

"Mayka, kin sha wahala kin gyara kai, kuma kin rufe shi? Wa zai gani? Ga wanki kullum, wanki kuma ruwa yake ci. Kawo in ajiye miki."

Marka ta ce, "Na Dela ne."

"Shi ya sa za a ajiye shi, kada ya tsufa."

Ta daɗe tana kallon ɗankwalin. Ba ta da ƙarfin musu ma, ta kwance ta ba shi. Daga ranar Kulu take yawo kai a buɗe cikin rana, ta kwanta gashin yana gogar tabarma.

Da kurciya ta dawo a karo na uku, a kan danga ta tsaya don gudun jifa:

"Na gode, Marka, na gode,
Sheƙata ta cika ta batse,
Na ba maƙwabta sun shimfiɗa,
Ki bar sauran, ya ishe mu."

Marka ta ajiye muciya ta ce, "Kurciya, me kike gode mini a kai?"

Kurciya ta ce, "Gashin da kike zubar mana mana. Na ɗauka kyauta kike yi. Zo ki gani."

Ta bi ta har gindin wata tsamiya, kurciya ta nuna mata wani reshe na ƙasa. Marka ta ɗaga kai, ta ga sheƙa baƙa wuluk, kowane sili a murɗe ƙanana-ƙanana. Duk hazon idonta ta gane shi. Ta dawo gida ta zaunar da Kulu a rana, ta sa hannu a kanta. Ƙeya babu komai, gefe da gefe sun guntule, abin da ya rage a tsakiya ya dunƙule kamar ƙulli, ta taɓa ya karye a hannunta. Marka ta zauna a ƙasa ta yi kuka, kuka na kunya, tana kiran sunan Dela.

Ta tashi ta nufi gidan Gizo. Ta tarar da shi yana siɗe kwanon miyar karkashi da man shanu, Ƙoƙi tana gefe ta kafa ɗaurin ɗankwali. Gizo yana ganinta ya zabura, ya taka yauƙin da ya zuba a ƙasa, santsi ya kwashe shi, ya tashi ya haye bango ya maƙale a saman ɗaki.

"Kaka, ta doke shi?"

Da wane ƙarfin, Sagiru? Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta miƙa hannu ta zare ɗankwalin daga kan Ƙoƙi, ta fita. Shi kuwa har yau yana can sama yana jiran dukan da bai zo ba.

Babu yadda za a yi da sauran gashin, sai wanzami aka kira ya aske shi tas. Da ya tafi, Kulu ta leƙa ƙwaryar ruwa ta daɗe tana kallon kanta, sannan ta ce, "Inna, yanzu da wa nake kama?"

Marka ta ɗaura mata ɗankwalin, ta shiga ɗaki.

Da gari ya waye ta zagaya bayan ɗaki ta ɗauko ƙaramin tulun, ta kakkaɓe shi, ta naɗa gammo. Kulu ta ce, "Inna, ai babu gashin."

Marka ta ce, "Yana ciki, ƙishirwa yake ji."

Kulu ta ce, "To ba ni tulun. Kaina ne, ni zan ɗauka. Da kin faɗa mini tun farko, ai da na je."

Marka ta tsaya riƙe da tulun, sai a lokacin ta lura yarinyar ta kusa kai ta tsawo. Ta ɗora mata gammon, suka tafi tare, suna hutawa a kowane tudu.

"Kaka, gashin ya fito?"

Ya fito, Saude, amma sai da aka yi damina uku kafin ya koma yadda yake. Kafin nan idon Marka ya rufe gaba ɗaya. Ran da Kulu ta jiƙa shi da kanta, ta shafa mai, ta murɗa, ta kwance, sai ta zo ta durƙusa ta kamo hannun Marka ta ɗora a kai. Marka ta ja sili ɗaya har kafaɗa, ta saki, ta ji ya koma ya naɗe a yatsanta. Ta ce, "Sannu da zuwa, Dela." Da hannu ta gan shi, idonta bai sake ganinsa ba.

To kun ji. Gashi irin namu ruwa ne abincinsa, mai murfi ne kawai, don haka ruwa a fara, mai ya biyo, a warware da yatsa, a rufe da ɗankwali. Kuma in aiki ya fi ƙarfinku, ku faɗa wa na gida su kama muku, kada ku saurari wanda hutunku zai cika masa tukunya. Saude, taɓa ki ji yadda ya yi laushi. Gobe ke za ki ɗebo ruwan, ni gwiwata ta gama nata.

Ƙungurus kan kusu. Wanda bai ji ba ya tambayi na kusa da shi, ni dai na gaji.