Rabon Karnukan Sarki Barmo

A can zamanin da, tun ana auna girman sarki da faɗin dajinsa, an yi wani sarki ana ce masa Barmo, mutum mai kyauta, mai saurin fushi, wanda in ya faɗi magana ba ya son a dawo masa da ita. Yana da karnukan farauta a hannun Sarkin Dawa Nomau. Su ke kamo barewa da gwanki, su ne kuma ke korar birai da mugun dawa daga gonakin talakawa. Al'adar maharban ƙasar kuwa, duk dabbar da aka kayar, nan take ake farke cikinta a miƙa wa karnuka tumbin, ɗanye, da ɗuminsa, ba wanki ba dahuwa. Ran da ba a fita ba, Sarkin Fawa ke aiko musu da na shanu.

Wata rana ɓauna ta taso wa Sarki a daji, dokinsa ya yar da shi, karnukan nan suka tare ta har maharba suka gama da ita. Da Sarki ya miƙe ya ga an zube musu tumbi a ƙasa, ƙudaje na bi, wari ya cika wurin, sai ransa ya ɓaci. Ya ce, "Waɗanda suka ceci sarki, su za a saka wa da ƙazanta? Daga yau abincinsu daga akushina zai fito. Wanda ya ƙara ba su tumbi, ya bar mini ƙasata." Fadawa suka ɗauka, "Gaskiyarka, Zaki! Mai alheri har ga dabba!"

Aka shiga kai musu tuwon shinkafa da miyar taushe, ga man shanu, ga yaji. Karnuka suka ci don dole. Ba a daɗe ba gashinsu ya dushe, wasu ciki ya ɓaci, wasu suka yi teɓa, duka suka koma kwanciya a inuwa. Birai kuwa ba su da wauta, suka faɗa wa gero tun bai ƙosa ba, talakawa suka cika ƙofar fada da kuka.

Sarki ya tara malamai, suka ce kambun baka ne, aka yi ta turara wa karnuka hayaƙi har suna atishawa. Wani falke ya kawo garin magani daga nesa, aka barbaɗa a tuwo, a banza. Kowa a fadar ya san inda cutar take, amma wa zai dubi sarki ya ce alherinka ne ya yi ɓarna? Da aka rasa wanda za a ɗora wa, sai aka ɗora wa Nomau. Sarki ya ce, "Ran Asabar zan fita da kaina. In ba su yi gudu ba, a tuɓe maka rawani ka bar ƙasar, su kuma a kashe su."

To, Wazirin ƙasar, Tanimu, taubashin Nomau ne, tare suka tashi. Mutum ne ɗan tsafta, wanda ko mahauta zai wuce sai ya rufe hanci da bakin rawani, rigarsa kuwa ba ta rabo da turare. Tun da aka yanke wannan hukunci ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya ɗauki littafi ya ajiye, aka kawo abinci ya ture, ya zaga gida ya koma zaure ya sake fitowa. Ya tafi fada ya faɗi ya yi gaisuwa, ya fara, "Allah ya ba ka nasara, game da abincin karnukan nan..." Sarki ya ɗago ido ya ce, "Ya yi kaɗan ne? A ƙara." Waziri ya haɗiye sauran maganar, ya fito yana jin haushin kansa.

Ya zarce gidan Nomau, ya tarar ana ɗaure kaya. Nomau ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce, "A'a, ɗan ƙwalisa, ka zo ka ga tashina? Matsa can, kada warinmu ya kama rigarka."

Waziri ya ce, "Bar wasa, Nomau. Ba wata dabara?"

"Dabarar me? Kare ba don ni yake gudu ba, ba don Sarki ba. Ya san in ya kayar, tumbin nasa ne. An hana shi rabonsa, an cika masa ciki da abin da ba ya so. Ni korata ba ta dame ni kamar su ba. Dubi Duna, a hannuna aka haife shi."

Duna shi ne babbansu, baƙi, yana kwance kamar tsumma. Suna cikin haka wani mahauci ya wuce ta bayan danga da kayan ciki a ka. Duna ya ɗaga hanci, ya miƙe zumbur, sauran suka tashi suna kuka ƙasa-ƙasa har warin ya wuce. Waziri ya tsaya yana kallonsu. Sai ya juya ya tafi da sauri.

Ran Asabar da hantsi Sarki ya tsaya a bakin daji, jama'a sun kewaye shi, Waziri kaɗai ba a gani ba. Aka saki karnuka. Suka ɗan sansana ƙasa, suka nemi gindin kalgo suka kwanta. Nomau ya yi fito har bakinsa ya bushe, ko kunne ba su kaɗa ba. Sarki ya ce, "Dogarai, rawaninsa."

Sai ga Waziri a kan doki ta inda iska ke busowa, rigarsa ta kumbura ta gefe guda, fuskarsa a yamutse kamar mai shirin amai. Burgami ne, jakar fata, ya rataya a ciki, cike da ɗanyen tumbin bijimi. Ya kwance bakin burgamin, ya ratsa ta gaban karnuka, ya sa wa doki ƙaimi.

Kafin ka ce me, Duna ya tashi, sauran suka rufa masa baya, haushi ya cika daji. Waziri fa ba mahayi ba ne. Doki ya ji karnuka a bayansa ya ƙwace, rawani ya warware ya tafi, bawan Allah ya rungume wuyan doki yana salati. Sarki ya miƙe a kan likkafa yana cewa, "Ga gudu! Wallahi ga gudu!" ya saki linzami ya bi su. A cikin wata gona Duna ya yi tsalle ya cafke bakin riga, Waziri ya faɗo tsakanin kunyoyi, burgami ya zube, karnuka suka yi masa caa.

Sarki ya iso ya ga abin da suke ci, murnarsa ta ɗauke. Ya ce, "Waziri, kai ne?"

Waziri ya rarrafo, riga a yage, jiki duk ƙazanta. Ya ce, "Allah ya ja zamaninka, bakina ne ya kasa faɗa maka, na bar ƙafafunsu su faɗa. Ka ba su abin da kake so saboda ƙauna, su kuwa ga abin da suke so. Nomau ba shi da laifi. Doka na taka, ina sane. In kora ce, a haɗa mu tare."

Karnuka na ta tauna. Sarki ya daɗe yana dubansu, suna ci suna kaɗa wutsiya, ya dubi geron da birai suka kakkarya a gonar da yake tsaye. Kunya ta kama shi, ba kaɗan ba. Sai ya sauka daga doki, ya naɗe hannun riga, ya sunkuya ya ɗauki guntun da ya rage a burgami, ya miƙa wa Duna da hannunsa. Sa'an nan ya juyo ya dubi fadawa ya ce, "To, ga shi ni ma na ba su. Wa zai kore ni?"

Nan take ya soke dokar, ya ce rabon karnuka ya koma yadda kakanni suka bari, a kuma buɗe rumbunan fada ga duk wanda aka ɓata wa gona. Ya sa aka yafa wa Waziri alkyabbarsa ta sarauta, ya karɓi rawanin Nomau daga hannun dogari ya mayar masa.

Nomau ya durƙusa zai yi godiya, sai hawaye. Sarki ya ce, "Tashi, Sarkin Dawa, birai na cikin gero." Ya tashi, ya yi fito, karnukansa suka bi shi.