Tunau, Jagoran da Idonsa Ya Tafi

Ku matso kusa, yara. Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, Iya!

An yi wani bijimin ɓauna mai suna Tunau, shi ne jagoran namun daji. Shi ke kai su ruwa da rani, shi ke raba musu inuwa a bakin tafki. A dajin nan ba a gadon jagoranci. Duk shekara, in kuka ta zubar da ganye, sai a taru a gindinta, kowa ya tsaya bayan wanda yake so. Mai dogon layi shi ne jagora.

Ana nan, ana nan, sai idon Tunau ya fara hazo, har ya rufe ruf. Ba wanda ya sani sai matarsa Ladingo.

Ta ce, “Maigida, mu faɗa musu.”

Ya ce, “Kin manta Gwanki? Shi ne jagora kafin ni. Ƙafarsa kawai ta karye, aka watse daga bayansa, ko sannu babu. Ni ba zan iya ba.”

Sai ta riƙa tafiya kafaɗa da kafaɗa da shi. In rami ne ta ture shi dama, in ƙaya ce ta ture shi hagu. Shi kuwa hanyoyin dajin suna cikin kansa, ƙanshin ruwa yana cikin hancinsa. Aka yi rani aka fita, ba wanda ya kwana da ƙishi.

Rannan Ladingo ta ɗan matsa cin ciyawa. Tunau ya gogi wani kututture, ya ce, “Gafara dai, Malam Gada, ban lura ba.”

Ashe Dila na kwance a gefe. Ya taso yana kaɗa wutsiya, ya ce, “Ranka ya daɗe, ni na ga abin da na gani, kai kuwa ba ka ga komai ba. Daga yau ni zan fara shan ruwa, in ba haka ba bakina ƙaiƙayi yake yi.”

Tunau ya ce, “Je ka sha.”

Aka kwana biyu, Dila ya dawo. “Ni na ga abin da na gani, kai kuwa ba ka ga komai ba. Inuwar tsamiyar nan da Zomo ke ciki da iyalinsa, ita nake so.”

Tunau ya ce, “Ɗauka.” Aka fitar da Zomo rana, 'ya'yansa na kuka. Tunau yana jin kukan, ranar ko ciyawa bai iya ci ba.

Ana gobe zaɓe, sai ga Dila karo na uku. “Ni na ga abin da na gani. Zabuwa ta yi ƙyanƙyasa. Kullum zan ɗauki ɗa guda, kai kuma ka kau da kai. Ai ba wuya, dama ba gani kake yi ba.”

Tunau ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Ya ce, “Wannan kam a'a.”

“To, mu haɗu gindin kuka.”

Gari ya waye, daji ya taru. Raƙumin Dawa ya fito takara, ya miƙe wuya ya ce, “Ni ina hango abin da ke bayan dutse.” Dila ya yi tsalle ya hau saiwa, ya gyara murya. Kafin ya buɗe baki, Tunau ya riga shi.

“Jama'a, ba na gani. Tun bara waccan idona ya tafi. Ladingo ce idona. Na ɓoye muku, Dila ya gano, na riƙa sayen shirunsa da haƙƙinku. Jiya ya nemi 'ya'yan Zabuwa, na hana. Ga ni, ku yi yadda kuka ga dama.”

Wuri ya kaure. Wasu na cewa, “Makaho ya ja mu? Ina aka taɓa yi!”

Tsohon Kunkuru ya ce, “Ku dakata. Tun bara waccan fa ya ce. To, ranin da ya wuce wa ya kai mu ruwa? Wa ya faɗa rami a cikinku?”



Zomo ya fito, ido jawur. Ya ce, “Ni ba idonka ne ya kore ni daga inuwa ba, Tunau. Tsoronka ne.”

Tunau ya sunkuyar da kai. “Gaskiyarka. Ka yafe mini.”

Ladingo ta ce, “Tsoron kuma a wurin wa ya koya? Ku dubi Gwanki can baya, shi kaɗai. Wa ya taɓa tambayarsa ya ƙafa?”

Sai aka ga Gwanki ya taso yana ɗingishi, ɗangyas, ɗangyas, ya ratsa taro ya tsaya bayan Tunau. Zabuwa ta bi shi da 'ya'yanta. Zomo ya tsaya ya daɗe, sannan ya bi. Da yawa kuma suka tafi bayan Raƙumin Dawa, don har yanzu zuciyarsu ba ta kwanta ba.

Tunau ba ya ganin komai. Ya raɗa wa matarsa, “Akwai kowa a bayana?”

Ta ce, “Yi shiru, Maigida. Suna zuwa.”

Da aka gwada layi, nasa ya fi da ɗan kaɗan. Raƙumin Dawa ya sunkuyo ya ce, “Barka, jagora. In ka so, ni zan riƙa hango maka nesa.” Tunau ya buɗe baki zai yi godiya, kuka ya ƙwace masa.

Dila kuwa ya zame zai gudu, aka tare shi. Aka yanke masa hukunci: ba zai ƙara shan ruwa ba sai kowa ya sha ya tafi. Shi ya sa har yau sai wuri ya yi shiru yake saɗaɗowa bakin tafki, yana waige-waige.

To, yara, in kun girma aka ce ku zaɓi shugaba, ku dubi aikinsa da amanarsa. Kada ku sa mai lalura ya ji tsoron faɗin lalurarsa, don a cikin wannan tsoron mugu ke samun abinci.

Ƙurunƙus! Tatsuniya ta ƙare a kan wutsiyar Dila.